Mu Dai Sai Mun Ƙure Maleji

Mu a unguwarmu, duk abin da kamfani ya rubuta a jikin kwali shawara muke ɗaukar sa. In an ce mota ta mutum bakwai ce, to an faɗa ne don mutanen da ba su da dangi. Sharon ɗin da Bature ya ƙera don iyali guda, a tasharmu goma take kwasa, ban da buhuna a but da ragon da aka ɗaure a sama. Babur in ya fito daga kwali, kafin ya ga kwalta sai ya ga bakanike, a ɗan taɓa masa kafireto don ya riƙa amsawa. Wayar da aka aiko daga Ingila a kulle da layin can, kafin la'asar an kai ta Farm Centre, kafin magariba ta koma cin kowane layi. Ƙaramin janaretan da aka ce na fitila da fanka ne, mu har dutsen guga muna gwada masa, in ya yi tari ya mutu mu ce man ne ba shi da kyau.

Shi ya sa daren da ɗan yayata ya zo majalisa da kalmar "kulle" a bakinsa, na san shayin kowa zai huce.

Yaron ya yi wata da watanni yana tari daga ɗan abin da yake samu a shagon POS, ya haɗa kwamfutar tebur ta hannu: firosesa Core i5-10400, katin hoto GTX 1650, RAM giga 8, sai monita irin ta ofis. Burinsa a duniya GTA V da ƙwallo. Da farko lafiya lau. Da zafi ya shigo sai ta fara yi masa halin jaki a tsakiyar kasuwa. Daidai lokacin da ɗan wasansa ya ɗaga ƙafa zai buga, hoto ya daskare, kafin ya dawo an riga an zura masa ɗaya. Ya shiga YouTube ya ga wasu suna abin da suke kira obakulok, wato a tilasta wa firosesa ta yi gudun da ya wuce wanda aka yanka mata. Ya gaishe da kowa, ya tsuguna gefen bencina.

"Kawu, wai an ce tawa a kulle take. Ba yadda za a yi a buɗe?"

Baba Direba, wanda ya yi shekara talatin tsakanin Kano da Legas, bai bari na buɗe baki ba.

"Limita ce suka sa mata, ɗana. Lokacin da 'yan rod sefti suka matsa a 2017 cewa kowace motar haya sai ta ɗaura na'urar rage gudu, ba haka aka yi ta kuka ba? Waya ce guda. Duk abin da hannu ya ɗaura, hannu na kwancewa."

Mai shayi yana fifita wuta ya ce a kai Farm Centre kawai, yaran nan ba abin da ba sa yi wa filashin. Malamin lissafi na makarantar 'yan mata ya ce shi dai a fara gaya masa me aka kulle, don bai taɓa ganin kwaɗo a jikin kwamfuta ba. Duk sai muka juya wajen Injiniya, mai shagon gyara a Beirut Road, wanda tun da aka fara maganar yake tsoma burodinsa yana murmushi.

Ya ajiye kofi, ya jawo kwalin sukari ya juya bayansa, ya ari biron Malam.

"Lissafin 'yan firamare ne. Lamba biyu ake ninkawa. Akwai bugun tushe, kamar gangar da komai na cikin akwatin yake bi, tana bugawa sau miliyan 100 a sakan ɗaya. Sai lambar ninki. Taka, in ƙwayoyinta shida duka suna aiki, ninkinta 40 ne. Malam, 100 sau 40?"

"Dubu huɗu."

"Giga 4 ke nan. To wadda sunanta ya ƙare da harafin K, kamar 10600K, in ka ɗora ta a kan bod mai harafin Z, kana shiga BIOS ka goge lambar ka rubuta 50, ta koma giga 5, in sanyi da wuta sun ishe ta. Taka ba ta da K. Iyakar lambar a cikin ƙwayar aka ƙone ta tun daga masana'anta. Babu wayar da Baba zai cire, babu abin da za a yi wa filashin."

Baba Direba ya ce harafi ɗaya tak? Injiniya ya ce harafi ɗaya, kuma kuɗi ake biya a kansa. Mai shayi ya ce ai wannan zalunci ne, ka sayi doki a ce ba ka da ikon sukuwa. Malam ya ce a'a, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Nan aka ɗan yi ta. Injiniya ya ce kowannensu na da rabin gaskiya. A faranti ɗaya na silikon ake yanko ɗaruruwan firosesa, amma ba sa fitowa daidai. Wata tana jure gudu da wuta kaɗan, wata sai an ɗura mata, wata ƙwaya ɗaya ko biyu sun lalace. Sai a zauna a tantance kamar yadda 'yan goro ke yi a Mariri, marsa gefe, minu gefe, kowanne da kuɗinsa. Amma kuma in kasuwa ta fi neman mai araha, goron da ya isa marsa ma sai a zuba shi a huhun minu. Daga nan kwaɗayin ya samo asali: kowa na zaton tasa marsa ce aka yi wa ƙaramin suna. Sannan akwai tsohon dalili. A shekarun 1990 wasu 'yan damfara sun riƙa kankare rubutun da ke bayan Pentium su buga lamba mafi girma su sayar da tsada, har Intel ta kulle ninkin gaba ɗaya wajen 1998. Mai shayi ya ce ashe su ma suna da masu jera manyan tumatir a saman kwando.

Ni kuwa da na yi zaman kafe lokacin da ake biyan kuɗin intanet da awa, a nan bakina ya buɗe, don labarin da ya biyo baya na san shi. Kullen 1998 bai hana kowa barci ba. A shekarar ne Celeron 300A ta fito, mai araha, ninkinta a kulle a kan 4.5, bugun tushenta 66. Sai mutane suka ce tun da an hana mu taɓa wannan lambar, bari mu taɓa ɗayar. Suka mayar da 66 ta zama 100, sai ga megahaz 300 ta koma 450, tana kafaɗa da kafaɗa da Pentium II 450 wadda kuɗinta ya ninka nata sau da yawa. Ƙarin rabi cur, a banza.

A 2000 kuma AMD ta fito da sabuwar Athlon da Duron. Ita nata kullen a fili yake, wasu 'yan ƙananan gadoji huɗu a saman firosesar da aka yanke da leza. Wani ya lura cewa bakin fensir yana ɗaukar wuta. Sai a fere fensir, a goga a kan yankan har ya haɗe, shi ke nan an buɗe.

Mai shayi ya tsaya da ludayi a sama. "Fensirin yara? Na naira hamsin?"

Shi fa. Da kamfanin ya gane, a Athlon XP ya haƙa rami a tsakanin gadojin don fensir ya daina aiki. Mutane suka cike ramin da sufa gulu, suka ja layi da fenti mai ɗaukar wuta a kai. Injiniya ya karɓe da nasa: Core 2 Quad Q6600 ta 2007, wadda shi da hannunsa ya yi wa dabarar salatif. Ka yanko salatif kamar ƙwayar gero, ka rufe ƙafa ɗaya a ƙarƙashin firosesar, bod ya ɗauka mai bugun 333 ce maimakon 266. Ninkinta 9, sai giga 2.4 ta koma giga 3, ko da a kwamfutar ofis ce wadda BIOS ɗinta ba ya ba ka damar taɓa komai.

Ku zo ku ga fuskar Baba Direba. Kamar an ce masa an gano kakansa sarki ne. Ya ce ashe Turawan ma 'yan unguwarmu ne, tufafi ne kawai suka bambanta. Yaron nan kuwa har ya fara lalube aljihu, ina jin fensir yake nema.

Injiniya ya ce ya mayar da hannunsa, wancan zamanin ya wuce. A 2011, da aka fito da zubin da ake kira Sandy Bridge, Intel ta ɗaure bugun tushe da komai: hanyar katin hoto, hanyar hadis, ramukan USB. Kamar gidan bikin da makaɗi ɗaya ne, in ya ƙara sauri don samari, tsofaffi ma dole su bi, kuma su za su fara zubewa. Ka matsa daga 100 zuwa 105, kafin firosesa ta ce uffan ajiyarka ta fara rikicewa. Tun daga nan aka ce mai son sukuwa ya sayi K.

Sau biyu ƙofar ta sake yin 'yar kafa. A zubi na shida, Skylake na 2015, an raba gangar firosesa da ta sauran. Kafin shekarar ta ƙare ASRock ta saki BIOS mai suna Sky OC, sauran masu ƙera bod suka bi, aka yi ta ƙure marasa K a kan bod Z170. Amma da sharaɗi: hoton da ke cikin firosesar ya mutu, ma'aunin zafi ya daina faɗar gaskiya. A farkon 2016 Intel ta aiko da gyara ta toshe. Sai Janairun 2022, wani Bajamushe, Roman Hartung, wanda aka fi sani da der8auer, ya ɗauki i5-12400 wadda iyakarta giga 4.4, ya kai ta 5.2. Sirrin, wasu bod ɗin suna da nasu makaɗin daban, ɗan ƙaramin guntu mai ba firosesa bugu ita kaɗai. MSI da ASRock har sun fitar da bod B660 masu wannan guntun. Da zubi na 13 ya zo, aka sake rufewa.

"To Oga, tawa fa?" in ji yaron, murya ta yi ƙasa.

"Taka zubi na goma ce. In ka sami bod mai harafin Z, za ka iya tura tushen ya kusa 103, daga nan ta ƙi tashi. Naka bod ɗin H410 ne, ko wurin rubuta lambar babu."

Malam ya karɓi bironsa. Ya ce uku cikin ɗari ke nan, in komai ya tafi daidai. Wasan da ke ba ka hoto 60 a sakan zai koma 61 da ɗoriya, bai cika 62 ba. Ya tambayi kuɗin bod ɗin Z na hannu, Injiniya ya faɗa, Malam ya raba da biyu ya ce kowane hoto ɗaya ya fi buhun masara tsada. Mai shayi ya ce an sayar da kare an sayi biri.

Yaron bai saduda ba. Ya ce akwai wata manhaja da ya gani, an ce dannawa ɗaya take buɗe kowace firosesa. Injiniya ya ce ya san ta, ita da 'yan'uwanta su ke kawo masa ciniki. Abin da aka ƙone a cikin silikon manhaja ba ta goge shi. Abin da take iyawa shi ne ta buɗe wa ɓarawo ƙofa ya kwashe lambobin sirrinka, kai da kake riƙe da kuɗin mutane a POS.

Wani matashi mai gyaran sola da ke zaune can ƙarshen benci ya ce shi ya sa shi AMD yake saya. Gaskiyarsa, tun da Ryzen ta fito a 2017 kusan dukansu a buɗe suke zuwa, in dai bod ɗin mai harafin B ne ko X, ban da mai A. Injiniya ya ce haka ne, amma ya ba shi labarin da ya fi wannan daɗi. A Afrilun 2022 AMD ta fito da Ryzen 7 5800X3D, ta kulle ta, don ma'ajiyar da aka ɗora mata a ka ba ta jure wuta mai yawa. Gudunta giga 4.5, ƙasa da 'yar'uwarta 5800X mai 4.7 wadda take a buɗe. Amma a wasa kullalliyar ta bar buɗaɗɗiyar a baya, har ta riƙa ja da manyan Intel na lokacin. Dalili, ma'ajiyarta mega 96 ce, ta ɗayar 32.

Baba Direba ya ce bai gane ba, ta yaya mai ƙaramin gudu zai riga isa. Injiniya ya nuna teburin mai shayi. Ya ce a kawo yaro mai gudun barewa, amma duk kofi ɗaya sai ya ruga kanti ya sayo sukari. A kawo wani mai tafiyar hawainiya, sukari da madara da ganye duk suna gabansa. Wa zai riga sallamar mutum goma? Mai shayi ya gyara tsayuwa ya ce shi dama tun tuni ya san haka, jira yake a tambaye shi.

Daga nan hira ta gangaro kan abin da mu muka fi kowa sani, wato zafi. Ƙarin gudu ba ya zuwa shi kaɗai, sai an ƙara wuta, kuma zafi ya fi gudun saurin hawa. Mutumin da yaron ke kallo a YouTube yana zaune ne a ɗaki mai sanyin digiri 20 da 'yan kai, da rigar sanyi a jikinsa. Mu a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, ɗakin yaron kuma rufin kwano ne ba silin. Tun kafin a kunna kwamfutar an riga an ci mu da digiri 20. Firosesa in ta kai wajen 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Mai sola ya ƙara da cewa duk wat ɗin da aka ƙara daga batirinsa zai fita, kuma wanda ke kan inbata ya san abin da ake nufi da ƙarfe biyun dare. Ga wutar da ke zuwa yau da ƙarfi gobe a sanyaye, in ba ka da sitabilaiza.

Injiniya ya tuna mana abin da ya faru a 2024, da manyan firosesa na Intel zubi na 13 da na 14 suka riƙa faɗuwa a tsakiyar wasa. Kamfanin da kansa ya amsa cewa wutar da suke nema ta yi yawa har tana cinye su a hankali, ya fitar da gyara, ya ƙara wa masu su garantin shekara biyu. Ya ce in maƙerin da ya ƙera abu, da dukan na'urorin awonsa, ya zarce haka, ina ga mu da fankar tebur da addu'a. Malam ya ce kuma ya ji obakulok na kashe garanti. Aka kwashe da dariya, don kayan hannu garantinsu ɗaya ne a garin nan: "Ka gwada a gabana." Kana fita daga shagon ya ƙare.

A ƙarshe Injiniya ya ce gani ya kori ji, a kawo akwatin gobe.

Na raka yaron da safe, ya rungumo ta a bayan babur kamar mara lafiya. Injiniya bai fara da sukudireba ba. Ya kunna ta, ya sa manhajar auna zafi, ya ce a buɗe wasan. Minti biyar ba a yi ba lambar ta hau 100 ta zauna, ta yi ja, gudun kuwa ya riƙa zamewa ƙasa da giga 3 yana dawowa. Sannan ya kwance murfin gefe.

Abin da muka gani a ciki, in da auduga ce da an yi matashi. Ƙurar hunturu guda ta kwanta tsakanin haƙoran ƙarfen da ke shan zafi, ta daddale ta zama kamar bargo mai ruwan ƙasa, fankar tana juyawa a kai tana kaɗa iskar da ba ta da inda za ta shiga. Har da gawar ƙwaro biyu da yanar gizo a kusurwa. Ya sa yatsa ya taɓa fankar, sai ta yi rawa. Ƙafa huɗu gare ta masu shiga ramin bod su yi ƙas, ɗaya ba ta taɓa shiga ba tun ranar da aka haɗa, ƙarfen a karkace yake zaune kamar hular ɗan gaye. Da ya ɗaga, man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfe ya bushe ya farfashe, yana ɓarewa kamar tsohon lalle.

Ya fitar da ita waje ya sa bulowa, ya riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Mai shagon kusa ya fito yana tari yana tambayar ko gini ake rushewa. Ya goge tsohon man da auduga da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ya mayar da ƙarfen, ya danna ƙafafun biyu-biyu a gicciye har kowacce ta yi ƙara. Aka sake kunnawa. Zafi ya tsaya a 70 da 'yan kai, gudu ya hau giga 4 ya zauna daram.

"Ka ga obakulok ɗinka nan," in ji shi. "Giga 4 ka biya, uku kake ci."

Bai tsaya nan ba. Ya nuna masa ramukan RAM biyu, ɗaya a cike ɗaya a wofi. Firosesar hanya biyu take da ita zuwa RAM, sanda ɗaya kuwa hanya ɗaya take buɗewa, kamar titi mai hannu biyu da aka rufe ɗaya ana gyara. Ya sa ta biyu irinta, tsaye-tsayen nan na cikin gari a GTA ya ragu ƙwarai. Ya ce da bod ɗinsa B560 ne, irin wanda ya fito a 2021, da ya kunna masa XMP, RAM ta yi cikakken gudun da aka rubuta mata, don daga wannan zubin Intel ta saki wannan ɓangaren ko ga marasa K. A kan H410 kuwa 2666 ce iyaka. Akwai kuma iyakar wuta: an yanka wa irin waɗannan wat 65, suna iya haurawa na kamar sakan 28 sannan a ja musu linzami. Wasu bod suna barin ka ɗage wannan, kuma halas ne, ba a fasa kulle ba. Amma ya ce wannan ya fi amfanar irin i7-10700 mai ƙwaya takwas, wadda in an sake ta take iya jan sama da wat 200. Tasa a wasa da wuya ta cika 65 ɗin ma.

Sai na ƙarshe. Ya sa MSI Afterburner ya fito da lambobi a kusurwar sikirin ana cikin wasa. Katin hoto 99 cikin 100, firosesa ko rabi ba ta kai ba. Wato wadda muka kwana muna shirin yi wa bulala zaune take tana jiran katin ya gama. Ko an kai ta giga 5, jiran ne zai ƙaru. Ya rage inuwa da kaifin ciyawa a saitin wasan, lambar ta haura 80. Yaron ya yi tsalle. Injiniya ya ƙwanƙwasa monitar da farce ya ce wannan sau 60 take sauya hoto a sakan, sauran 20 ɗin lamba ce kawai a kusurwa.

Da dare na kai wa majalisa rahoto. Aka yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun mutanen da kowa ya tuna nasa. Mun kwana muna neman uku cikin ɗari a bayan ƙofar da aka kulle, alhali rubu'in abin da yaron ya biya yana kwance ƙarƙashin ƙura. Kuma ba a kwamfuta muka fara ba. Mai babur zai biya a taɓa masa kafireto, amma bai tuna rabon da ya wanke filta ba. Za mu ƙara wa mota sifirin don ta ɗauki buhu ashirin, tayar kuwa ta yi sanƙo har zare ya fito. Ni kaina da nake wannan surutun, fankar ɗakina ta shekara tana kuka, na sauya mata kafasito sau biyu don ta ƙara gudu, ban taɓa hawa kujera na goge fukafukanta ba. Buɗe abin da aka kulle yana da labari, ana ba da shi a majalisa a tafa maka. Wanda ya share ƙura ba wanda ke tambayar sa yadda ya yi.

Malam dai ya ce kada mu cika zagin kanmu. Wannan ƙin yarda da kwali shi ya sa kwamfutar da wani ofis a Turai ya zubar take ƙara shekara goma a nan tana koya wa yara aiki, shi ya sa Beirut Road da Farm Centre suke cike da samarin da ba su jira kowa ya ɗauke su aiki ba. Hannun da ya iya salatif ɗin nan shi ne ya gano ƙafar da ba ta shiga ba. Baba Direba ya ce shi har yanzu bai yarda babu wayar da za a cire ba, Injiniya ne dai bai duba da kyau ba.

Ana haka sai ga yaron, ya yi wanka, fuska kamar an ba shi kujerar Makka. Ya gaishe da kowa, ya ce tun la'asar ba a ci shi ba. Ya tsuguna gefen Injiniya, ya ɗan sosa ƙeya.

"Oga, monitar nan da ka ce 60 ce. Na ga wani ya mayar da tasa 75. Ita ma a kulle take?"

Muka zuba wa Injiniya ido, kowa na jiran ya kore shi. Ya kurɓi shayi, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Wannan kam," ya ce, "wani lokaci tana yarda."

Baba Direba ya daki cinya har kofinsa ya kife. "Ban gaya muku ba! Mai shayi, ƙara wa yaron nan madara, a kuɗina."